Koyar da Turanci a Makarantun Ƙauye na Ƙasashen Waje: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa daga bakin masu shirin tafiya wata ƙasa su koyar da Turanci a makarantar ƙauye, da kuma waɗanda suka riga suka isa, aji ya fara gagarar su. Na fara da na shirin tafiya, sannan na cikin aji, sannan na zama da mutanen gari. Wasu amsoshin daga abin da aka bincika aka tabbatar ne, wasu kuma daga zaman da na yi a irin waɗannan makarantu.

Wane irin aiki ne wannan, kuma me zan tarar idan na isa?

Galibi makarantar firamare ce ta gwamnati, a wuraren da malamai ba sa son a tura su: ƙauyukan kan tudu a Nepal, yankin Isan na arewa maso gabashin Tailan, karkarar Kambodiya, tsaunukan Peru, ko can cikin Tanzaniya nesa da kwalta. Za ka tarar da allo da alli, benci ɗaya yara huɗu, littafi ɗaya a tsakanin uku idan an yi sa'a. Wani wurin aji ya cika maƙil da yara sittin. Wani wurin kuma ba su kai ashirin ba, amma 'yan aji uku ne aka haɗa a ɗaki guda saboda malami ɗaya ne.

Abin da ya fi rashin kayan aiki nauyi shi ne Turancin ba ya fita daga ɗakin. Yaron birni yana ganinsa a allunan talla, yana jinsa a waya da talabijin. Yaron ƙauye kuwa, darasinka na minti arba'in, sau biyu ko uku a mako, shi ne duk rabonsa. Matsalar ta daɗe: Michael West, wanda ya yi shekaru yana aikin ilimi a yankin Bengal na kudancin Asiya, ya rubuta littafi a kanta tun 1960, inda ya siffanta aji mai yara fiye da talatin a cushe kan benci, ga zafi, ga malamin da shi kansa Turancinsa bai gama nuna ba. Ka kuma sa a ranka cewa da yawa daga yaran ba su iya karatu da harshensu ba tukuna. Ƙiyasin Bankin Duniya na 2022 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi.

Sai na mallaki takardar shaidar koyarwa kafin in tafi?

Wurare da yawa za su karɓe ka ba tare da ita ba, amma iya Turanci daban, iya koyar da shi daban. Shaidar da aka fi sani ita ce CELTA ta Jami'ar Kambirij: sa'o'i 120, galibi a mako huɗu, kuma a ciki akwai sa'o'i 6 da za ka tsaya gaban ɗalibai na gaske ana duba ka. CertTESOL ta Trinity College London tana kusa da ita a daraja. Akwai kuma kwasa-kwasan TEFL, wato na koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, birjik a intanet. Duk wanda ba a sa ka koyar da mutane ana kallon ka ba, takarda kawai ka saya.

Sai dai ka sani, CELTA da manyan ɗalibai aka fi yin ta, a ɗaki mai kujeru goma sha biyu da na'urar kwafe takardu. Ba za ta shirya ka wa 'yan shekara bakwai su hamsin ba. Idan da hali, ka samu malamin firamare da ya goge, ka roƙe shi ka zauna a bayan ajinsa mako biyu kana kallon yadda yake shiga, yadda yake sa yara su yi shiru, yadda yake raba alli.

Turanci ba harshen uwata ba ne. Za a ɗauke ni?

Wasu ƙasashe suna kafa sharaɗin fasfo. Koriya ta Kudu, alal misali, bizarta ta malaman Turanci an fi ba wa 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Makarantun ƙauye da ƙungiyoyin sa-kai ba su cika wannan tsauri ba, ko da yake za ka iya cin karo da wanda zai dubi fatarka ko lafazinka kafin ya dubi aikinka. Yana da ciwo, kuma ba zan ɓoye maka ba.

A cikin aji kuwa, kai ke da riba. Ka taɓa zama kan benci kana mamakin me ya sa ake rubuta harafi ba a furta shi. Ka san inda ƙaya take a hanya domin ta taɓa soke ka. Wanda aka haifa cikin harshen sau da yawa ba ya iya bayyana dalilin abin da yake faɗa. Ga yaro kuma, ganin mutumin da ya koyi Turanci da guminsa shaida ce cewa abin yana yiwuwa.

Ta wace hanya ake zuwa, kuma yaya zan bambance ƙungiyar kirki da ta neman kuɗi?

Akwai tsofaffin hanyoyi. Peace Corps, hukumar 'yan sa-kai ta gwamnatin Amurka da aka kafa a 1961, tana tura mutum watanni 27, amma 'yan Amurka kaɗai take ɗauka. Ƙungiyar sa-kai ta VSO ta Birtaniya, tun 1958, ƙwararru take nema daga ƙasashe daban-daban. Shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970, a buɗe yake ga 'yan kowace ƙasa. Wasu gwamnatoci ma sun yi nasu: Chile ta fara shirin koyar da Turanci mai suna Inglés Abre Puertas a 2003, Jojiya ta fara kawo malaman Turanci makarantunta na gwamnati a 2010. Irin waɗannan suna buɗewa suna rufewa da sauyin gwamnati, saboda haka a duba kafin a sa rai.

Sai kamfanonin da kai za ka biya su. Ba duka ne na banza ba, amma ka yi musu tambayoyi kai tsaye. Nawa ne daga kuɗina yake isa makarantar da gidan da zan sauka? Wa ya nemi a kawo malami, shugaban makaranta ko ku? Wa ke riƙe ajin idan babu baƙo? Za ku haɗa ni da wanda ya yi aiki a can bara? Idan ba su nemi takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifin cin zarafin yara ba, ka rabu da su. Wanda bai bincike ka ba bai binciki kowa ba.

Gidajen marayu kuwa, shawarata ka kauce musu gaba ɗaya. A Kambodiya yawansu ya ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, alhali mafi yawan yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Kuɗin baƙi ne ke jawo a raba yaro da gidansu. Abin ya kai ga Ostireliya ta sa safarar yara zuwa irin waɗannan gidaje cikin nau'o'in bautar zamani a 2018.

Tunda ba albashi zan karɓa ba, bizar yawon buɗe ido ta isa?

Sau da yawa ba ta isa ba. A Tailan aikin sa-kai ma aiki ne a wurin doka, yana buƙatar takardar izinin aiki. A Nepal bizar yawon buɗe ido ba ta ba da damar aikin sa-kai ba. Idan ƙungiya ta ce maka "kowa haka yake yi", ka tuna kai za a tsare a filin jirgi, kuma makarantar ce za ta sha tambayoyi bayan ka tafi. Ka tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar da kanka.

Mako biyu kaɗai nake da su. Zuwan zai yi amfani?

Mu yi lissafi. Masu shirya jarrabawar Kambirij suna ƙiyasta sa'o'i 90 zuwa 100 na darasi kafin ɗalibi ya kai matakin farko, wato A1, inda zai iya gaisuwa, faɗin sunansa da tambayar abu mai sauƙi. Darasi uku na minti arba'in a mako sa'o'i biyu ke nan. Yaron yana buƙatar abin da ya haura shekarar karatu guda. Mako biyunka sa'o'i huɗu ne a ciki.

Ɓarnar gajeren zuwa ita ce kowane baƙo daga launuka da lambobi da sunayen dabbobi yake farawa. Na shiga ajin da yara suka iya ƙirga ɗaya zuwa goma kamar ruwa, sun san ja da kore, amma ba wanda zai iya cewa yana jin ƙishirwa. Baƙi shida suka wuce ta wurin, kowa ya dasa iri ɗaya a rami ɗaya. Idan lokacinka bai kai zangon karatu guda ba, kada ka karɓi aji. Ka zama ɗan taimakon malamin garin: ka yi masa katunan hoto, ka karanta masa darussan littafi a naɗa a wayarsa, ka zauna da yara biyar da aka bari a baya. Akwai ƙarin bayani a amsar da ke magana kan zama da malamin gari.

Ba na jin yaren yaran, su ma ba sa jin Turanci. Ta ina za mu fara?

Da jiki. James Asher, masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar San Hose ta Kalifoniya, ya fito da wata dabara a shekarun 1960: malami ya ba da umarni, ya aikata, yara su bi shi da jiki, ba a tilasta musu magana ba tukuna. Ka ce "stand up" ka miƙe. Ka ce "sit down" ka zauna. Sau uku, huɗu, sai ka faɗa ba tare da ka motsa ba. A ranata ta farko, da na tsaya cak na faɗa, ajin ya yi tsit, ana kallon kallo. Can wata yarinya a bencin baya ta miƙe a hankali, hannunta a baki. Na gyaɗa mata kai, sai ga aji duka a tsaye. Kafin mako ya ƙare ita ce ke fitowa gaban allo tana ba ni umarni, ina taɓa ƙofa, ina zama, ina tashi, yara suna rububin a ba su dama. Kalmominsu na farko da Turanci umarni ne ga malami, kuma ba su manta su ba.

Kai ma ka koyi nasu. Kalmomi hamsin sun isa farawa: gaisuwa, na gode, saurara, duba, sake faɗa, madalla, bibbiyu, ban gane ba. Ka bar yaran su gyara maka furuci. Yaron da ya ga malami ya yi kuskure ya sake gwadawa ba kunya, shi ma bakinsa zai buɗe.

In hana su magana da yarensu a darasin Turanci?

A'a. A nan ba ni da sassauci. Tun 1953 UNESCO ta ce harshen uwa ne ya fi dacewa yaro ya fara karatu da shi, kuma a 2016 ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na mutanen duniya ba sa samun ilimi da harshen da suke ji. Yaron da ya gane cewa alama a takarda tana ɗauke da sauti, ya gane ke nan har abada, zai ɗauki wannan sanin ya shiga da shi Turanci. Wanda bai gane da harshensa ba, Turanci zane ne kawai yake kwafa daga allo.

Ka kuma binciki harsuna nawa ke kan yaron. A Isan yara suna tashi da yare mai kusanci da na Lawos, su koyi harshen Tailan na hukuma a makaranta, Turanci ya zo na uku. Haka yaro mai yaren Kecuwa a Peru, Sifaniyanci ne na biyunsa. A Tanzaniya ana karatun firamare da Suwahili, a shiga sakandare a wayi gari komai da Turanci, kuma wannan tsallen yana kayar da yara da yawa. Ruwanda ma ta sauya daga Faransanci zuwa Turanci a 2008, malamai da dama suka koma koyon harshen da aka ce su koyar da shi. Jim Cummins, masanin koyon harshe a Kanada, ya nuna cewa yaron da ke zaune cikin masu harshen ma yana iya hira a kusan shekara biyu, amma harshen karatu yana cin shekara biyar zuwa bakwai. To ina ga wanda sa'o'i biyu yake samu a mako?

Abin da ke aiki shi ne raba wuri. Gaisuwa, umarni, waƙa da atisaye da Turanci. Bayanin wasa mai wuya, lallashin yaron da ke kuka, ko tabbatar da an gane labari, da yarensu, a taƙaice, a koma. Tarar kuɗi ko rataya wa yaro alama a wuya don ya yi yarensu zalunci ne, kuma abin da yake koya masa shi ne yin shiru.

Da me zan fara, haruffa ko magana?

Kunne da baki tukuna. Waƙar ABC sunayen haruffa take koyarwa, ba sautinsu ba, kuma Turanci yana da haruffa 26 amma sautuka kusan 44. Yaron da ya san kalma a kunne, ya san ma'anarta, idan ya gan ta a rubuce tsohuwar sani ya haɗu da ita. Bayan 'yan makonni ka shigo da sautuka kaɗan-kaɗan, waɗanda za su haɗa gajerun kalmomi nan take. A Nepal, Kambodiya, Tailan ko Habasha, inda rubutun gida daban yake, ka ƙara lokaci, domin hannun yaron ma sai ya koyi sabuwar tafiya.

Kada ka tara kalmomi. Michael West ɗin nan ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 a 1953 waɗanda su ne ƙashin bayan Turancin yau da kullum, kuma ɗan firamare bai buƙatar ko rabinsu. Kalma biyar zuwa bakwai a darasi, kowace a cikin jimla, a kuma dawo da ita gobe da jibi da mako mai zuwa. Ka ɗauko su daga rayuwar yaron: ruwa, kaza, gona, kaka, ruwan sama. Littafin da aka rubuta a babban birni yana iya kawo jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, abin da yaron bai taɓa gani ba.

Kowane harshe da inda yake ja. Masu Sifaniyanci suna sa wasali kafin kalmar da ta fara da "s" da wani baƙi, 'yan Tailan suna haɗiye baƙin ƙarshe, masu Suwahili suna ƙara wasali a ƙarshen kalma. Ka gyara abin da ke hana a gane su, sauran ka bar musu.

Suna amsawa baki ɗaya da ƙarfi, amma in na tambayi ɗaya sai ya yi shiru. Me ke faruwa?

Hadda ce ba ma'ana. Wata rana na ɗaga takalmi na tambaya mene ne wannan, aji duka suka amsa da murya ɗaya, "This is a pen." A wurinsu jimlar amsa ce ga sautin tambayar, ba ta da alaƙa da abin da ke hannuna. Washegari na zo da buhu, na zuba cokali, dutse, kofi, takalmi da alƙalami. Yaro ya zura hannu bai gani ba, ya laluba, ya faɗi abin da ya kama kafin ya fito da shi. Yanzu jimlar tana iya zama gaskiya ko kuskure, kuma sauran suna jira su gani.

Kada ka raina haddar. Ƙarfi ce, kuma amsa baki ɗaya mafaka ce ga mai kunya. Ka yi ta saukowa da ita: aji duka, rabin aji, layi ɗaya, bibbiyu, sannan mutum ɗaya. Kowane zagaye ka canza kalma guda don kada baki ya tafi ya bar kai a baya.

Yara sittin, wasu na karatu, wasu ba su san harafi ba. Yaya zan yi?

Ka bi matakin yaro, ba lambar ajinsa ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina dabararta a kan haka, bayan binciken iya karatun yara mai suna ASER da take yi tun 2005 ya yi ta nuna cewa kusan rabin 'yan aji biyar a karkara ba sa iya karanta rubutun aji biyu. Ana gwada kowane yaro, a raba su rukuni gwargwadon abin da suka iya. A Kolombiya ma, tsarin Escuela Nueva da aka fara a 1975 don makarantun ƙauye masu malami ɗaya ya dogara ne ga yara su yi aiki rukuni-rukuni, babba yana jan ƙarami.

A aikace, ka buɗe darasi da kowa tare, waƙa ko umarni, minti goma. Sai rukuni uku: masu karatu su karanta wa juna, na tsakiya su haɗa kati da hoto, kai kuma ka zauna da na baya, domin su ne ba wanda ya taɓa zama da su. Ka sa wa rukunan sunayen tsuntsaye ko launuka, kada sunan ya tona asirin kowa. Yadda ake gwajin yana cikin amsar da ke kan auna ci gaba.

Ba littattafai, ba komai. In cika akwati da kaya?

Kafin ka saye, ka ji wannan. A yammacin Kenya an raba wa makarantun ƙauye littattafan karatu a wani bincike da Michael Kremer da abokan aikinsa suka yi. Waɗanda suka amfana su ne yaran da dama can suke kan gaba, domin littattafan da Turanci suke, yawancin yaran ba sa iya karanta su. Littafin da ya fi ƙarfin yaro ado ne a kabad.

Murfin kwalba talatin da harafi a kan kowane ya isa haɗa kalmomi. Kwali ya zama katin hoto, tsakar makaranta ta zama allo, kowa da tsinkensa. Don labarai, African Storybook da StoryWeaver suna da dubban gajerun labarai kyauta a intanet, da Turanci da harsunan gida, an jera su mataki-mataki, sai ka buga kaɗan a gari mafi kusa. Alli, takarda da almakashi ka saye su a can, yadda malamin zai san inda zai samo wasu idan sun ƙare.

Kwamfuta fa? Ba za ta rage wahala ba?

Peru ta raba ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci ga yaran karkara, kuma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙari a lissafi ko harshe ba. A Bangaladash kuma, shirin English in Action da aka fara a 2008 ya sa darussan sauti a wayoyin malamai da 'yar lasifika, ya haɗa da horar da su. Na'urar a hannun malami take, shi ya sa ta shiga aji. Waya, lasifika mai caji da ƙaramin faifan sola sun wadatar.

Yaya zan zauna da malamin Turancin garin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce aka fi mantawa a yi. Baƙo raɓa ne. Malamar da ka tarar ita za ta riƙe yaran nan shekara goma bayan tafiyarka. Wataƙila lissafi ta karanta aka ɗora mata Turanci don babu wani. Tana koyar da darussa shida, albashi yana makara, ga gona ga gida. Zuwanka yana iya zame mata barazana, domin a gaban yaranta za a ji bambancin Turancinku.

Na yi kuskuren nan da kaina. Malama ta rubuta kalma a allo da harafi ɗaya a juye, na tashi na gyara a gaban yara, ina ganin taimako nake. Ba ta ce komai ba. Daga ranar, da na shigo sai ta tattara littattafanta ta koma ofis. Sai da na kwashe kusan wata guda, na je na ba ta haƙuri, na roƙe ta ta koya mini yadda take sa yara su yi layi ba hayaniya, sannan ta dawo. Wata guda na yaran ne ya tafi a kan harafi ɗaya. Gyara a keɓe ake yin sa, kuma ya fi kyau ya zo a matsayin tambaya.

Ku ware minti ashirin a mako ku tsara darasi tare, daga littafin gwamnati, domin a kansa za a yi wa yaran jarrabawa kuma a kansa mai duba makarantu zai tambaye ta. Ita ta buɗe darasi, kai ka yi furuci da wasa, ita ta rufe. Ka kira ta da laƙabin girmamawar da ake kiran malamai a wurin, ka gaida shugaban makaranta kowace safiya. Duk dabarar da ba za ta iya yi ita kaɗai da alli da yara sittin ba, ka ajiye ta. Da ɗan gari akan ci gari.

Na ga ana dukan yara. Kuma mene ne iyakata ni kaina da su?

Kai dai kada ka taɓa ɗaga hannu, kuma kada ka tura yaro wurin wanda ka san zai doke shi. Ƙasashe da yawa sun hana a doka: Kenya ta hana bulala a makarantu a 2001, Nepal ta haramta dukan yara a ko'ina a 2018, amma al'ada ba ta bin doka da sauri. Wa'azi a gaban malamai ba zai kai ka ko'ina ba. Ka nuna aji mai natsuwa ba sanda: tafi uku su amsa da uku, sauya aiki kowane minti goma, ba wa mai ƙiriniya aikin raba kati. Idan abin ya kai rauni ko lalata, ka kai rahoto ga jami'in kare yara na ƙungiyarka a ranar.

Kada ka keɓe da yaro a ɗaki a rufe, kada ka kai shi masaukinka. Hoton yaro ba ya hawa Facebook sai da izinin iyaye da makaranta, kuma ba suna. Kyauta ga yaro ɗaya tana haifar da gaba, a ba makaranta ta raba.

Me ya sa rabin aji ke ɓacewa wasu makonni?

Shuka, girbi, kiwo, rainon ƙanne, ko rafi ya cika ya raba gari da makaranta. Ba raini ba ne. Ka tambayi kalandar wurin tun kafin ka sayi tikiti: shekarar karatu a Tailan tana farawa tsakiyar Mayu, a Nepal tsakiyar Afrilu da dogon hutun bikin Dashain wajen Oktoba, a Peru Maris, a Tanzaniya Janairu. Makonnin da yara suka ragu ka yi bita, sabon abu ya jira su dawo.

Lafiyata fa?

Ka ga likita makonni shida kafin tafiya don rigakafi, da maganin zazzaɓin cizon sauro idan yankin na da shi. Wasu ƙasashe suna neman katin rigakafin shawara. Ka yi inshorar da ta haɗa da ɗauke ka zuwa babban asibiti. Ruwa a tafasa ko a tace. Idan kare ko biri ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke da sabulu da ruwa minti 15, ka nufi asibiti a ranar, domin ciwon haukan kare ba ya jira.

Ta yaya zan san ko suna koyo?

Ƙarar amsa baki ɗaya ba awo ba ce, kamar yadda labarin takalmi ya nuna a sama. A makon farko ka zauna da kowane yaro minti uku a inuwa, takarda ɗaya a hannu: haruffa goma, kalmomi goma, jimloli huɗu, gajeren labari. Ka ga inda ya tsaya. Ka ƙara umarni biyar da tambaya uku da baki. Ka rubuta a littafi, ka maimaita bayan wata biyu, malamar tana gefenka, har ta karɓi gwajin. Idan yaro ya tashi daga harafi zuwa kalma a zango ɗaya, an yi aiki.

Lokacin tafiya ya zo. Me zan bari, kuma me zan ce wa yaran?

Ka faɗa musu ranar tun da saura mako uku, da yarensu, ta bakin malamarsu. Kada ka ce za ka dawo idan ba ka da tabbas, domin yara suna ƙirga wata. Alkawarin kuɗin makaranta ko waya ga wani yaro, in ba ta hannun makaranta ba, kada ka ɗauka.

A makonnin ƙarshe ku yi musaya: malamar a gaban allo, kai a bencin baya. Katuna da murafan kwalba su shiga kwali ɗaya a ofis, an rubuta abin da ke ciki da yaren garin. Waƙoƙi da karatun darussa su koma wayarta. A shafin farko na littafin gwajin ka rubuta wa duk wanda zai zo bayanka inda aka tsaya, kalmomin da suka zauna, da sunayen yara biyar da suka fara haɗa sauti, waɗanda ke buƙatar a ci gaba da zama da su ranar Litinin.